Masu Ƙera Mota a Lokacin Matsi: Wa Ya Tuna da Manomin Kura da Bunkure?

Duk lokacin da tattalin arzikin ƙasa ya shiga matsi, kasuwar sabuwar mota tana cikin waɗanda suke fara jin jiki. Magidanci ba zai ɗage sayen hatsi zuwa baɗi ba, ba zai ce wa majinyacinsa ya jira farashin magani ya sauko ba, amma zai iya lallaɓa tsohuwar motarsa na wasu shekaru. Shi kuwa kamfanin da ke ƙera motar ba shi da wannan sarari. Ko ya sayar ko bai sayar ba, albashin ma'aikata na jiransa, bashin banki na hauhawa, injinan da ya kashe maƙudan kuɗi ya girka suna tsufa. Shi ya sa ko raguwar ciniki ba ta yi yawa ba takan iya cinye ribar shekara guda.

Nijeriya tana cikin irin wannan hali tun daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, aka kuma saki naira bayan mako biyu ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da ake samu a hukumance a kan naira 460 da 'yan kai ta haura 1,500 a farkon 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar wannan shekarar. Dillalan mota a Kano sun ga yadda masu zuwa taya suka ragu, masu haɗa mota a cikin gida kuma suka koma kukan da suka saba: dala ta yi tsada, wutar lantarki babu, motocin Kwatano sun cika gari.

Kukan nasu gaskiya ne, sai dai ba shi ne tushen ciwon ba. Ra'ayina shi ne, masana'antar mota a Nijeriya tana durƙushewa duk lokacin da aka shiga matsi ne saboda tun ran gini an ɗora ta a kan mai saye guda ɗaya, wato gwamnati, an bar mai sayen da ba ya daina neman abin hawa ko ana wadata ko ana tsanani. Wannan mai saye yana nan a hanyar Zariya, daga Kwanar Dawaki da Tamburawa zuwa Kura, Bunkure da Kadawa, yana ɗora kwandunan tumatur da buhunan shinkafa a kan motocin da suka girmi direbobinsu.

Abin da duniya ta koya a 2009 da 2022

Kafin rikicin bashin gidaje na 2008, ana sayar da sababbin motoci fiye da miliyan 16 a shekara a Amurka. A 2009 adadin ya faɗo zuwa miliyan 10.4. General Motors ya yi asarar dala biliyan 30.9 a 2008 kaɗai, ya kuma kai kansa kotu a matsayin wanda jarinsa ya karye ranar 1 ga Yuni, 2009, wata guda bayan Chrysler ya yi haka. Sai da gwamnatin Amurka ta zuba kusan dala biliyan 80 kafin masana'antar ta miƙe. Ko Toyota, da ake yabo wajen tattali, ya faɗi a shekarar kasuwancinsa da ta ƙare a Maris na 2009, abin da ya shafe gomman shekaru bai gani ba. Ford ya tsallake ba tare da karɓar kuɗin ceton ba, domin tun 2006 ya jinginar da kadarorinsa, har da tambarinsa, ya ciyo bashin fiye da dala biliyan 23 ya adana don ranar wuya.

Abin lura shi ne hanyoyin da aka bi ciniki ya dawo, domin kusan dukansu ta wajen mai saye aka biyo. Jamus ta ba duk wanda ya miƙa tsohuwar motarsa aka markaɗe yuro 2,500 ya cika ya sayi sabuwa. Hyundai ya shaida wa Amurkawa a Janairun 2009 cewa wanda ya sayi motarsa sannan ya rasa aiki cikin shekara guda zai iya dawo da ita, kasonsa na kasuwa kuma ya ƙaru a daidai lokacin da na wasu ke raguwa. China ta rage rabin harajin sayen ƙananan motoci, ta kuma ba manoman karkara tallafi na musamman don sayen ƙananan motocin ɗaukar kaya. A wannan shekarar ta wuce Amurka, ta zama kasuwar mota mafi girma a duniya. Ƙasar da ta fi kowa cin moriyar wancan rikici ita ce wadda ta tuna da manominta.

Darasi na biyu ya zo bayan annobar korona. A 2021 da 2022 an yi ƙarancin ƙananan na'urorin lantarkin da ake sa wa mota, kamfanoni suka kasa ƙera yawan da suka saba. Sai suka karkata abin da suka samu zuwa motoci masu tsada, suka daina ragi, suka sayar da kaɗan suka ci riba mai yawa. Stellantis, wanda a yau yake riƙe da sunayen Peugeot da Fiat duka biyun, ya samu ribar yuro biliyan 16.8 a 2022. Wannan ya nuna cewa ribar kamfani daban, biyan buƙatar jama'a daban. Kamfani zai iya juya wa mai ƙaramin ƙarfi baya littafinsa ya yi kyau. Ƙasar da ke son masana'antar mota dole ta tambayi kanta: mota wace iri, kuma don wa?

Yadda muka gina tamu

A shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai ke kwarara, Gwamnatin Tarayya ta haɗa gwiwa da kamfanonin Turai aka kafa masana'antu shida: Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas, waɗanda suka fara aiki a 1975, sai Leyland a Ibadan, Steyr a Bauchi, ANAMMCO mai haɗa Marsandi a Inugu, da National Trucks Manufacturers a Kano, wanda mutanen gari suka fi sani da kamfanin Fiat. An gina na Kano a bakin titin Zariya, gaba da Na'ibawa, don haɗa manyan motocin kaya da taraktoci.

Zaɓen wurin ya yi ma'ana. A daidai wannan zamani ne aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da Gwamna Audu Bako ya tsaya a kai, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are a 1976, aka shata kadada dubu 22 a kashin farko na shirin noman rani na Kogin Kano. Ga ruwa, ga gona, ga masana'antar tarakta da motar kaya a kan hanya ɗaya, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Da an ɗaure waɗannan ayyuka biyu da juna, da labarin yankin nan ya sha bamban da yadda yake a yau.

Ba a ɗaure su ba. Masana'antun sun tsaya ne a kan ƙafa biyu, duka kuma na aro. Ta farko ita ce odar gwamnati: Fijo 504 ta zama motar hukuma, ma'aikatu da rundunoni da hukumomin raya koguna su ne manyan masu saye. Ta biyu ita ce naira mai ƙarfi, wadda a 1980 ta fi dala daraja, don haka shigo da inji da giya da sauran sassa daga Faransa, Italiya da Jamus bai zama nauyi ba. A farkon shekarun 1980 kamfanin Peugeot na Kakuri yana fitar da mota kusan dubu 60 a shekara. Da farashin ɗanyen mai ya faɗi, Shugaba Shehu Shagari ya kawo matakan tsuke bakin aljihu a 1982, lasisin shigo da kaya ya yi wuyar samu. A 1986 Janar Ibrahim Babangida ya kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP, zuwa 1987 sai an haɗa kusan naira huɗu kafin a samu dala ɗaya. Ƙafafun biyu suka karye a lokaci guda: mai sayen ba shi da kuɗi, kayan haɗin kuma sun ninka. Kamfanin ƙarafa na Ajaokuta da aka yi fatan zai rage dogaro da waje bai kammala ba. Kamfanin Fiat na Kano bai ga ƙarshen shekarun 1980 yana aiki ba.

Na Kaduna ya fi jurewa, amma shi ma ciwon ɗaya ne. Da gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus-alawus ɗin ma'aikata kuɗi a 2003, ta rage sayen motocin ofis, sai ciniki ya ƙara ja baya. An sayar da kamfanin ga 'yan kasuwa a 2006, bashi ya yi masa katutu, hukumar AMCON mai karɓar basussukan da suka gagari bankuna ta karɓe shi a 2012. A 2013 aka fito da sabon tsarin raya masana'antar mota, aka ɗora harajin da ya kai kashi 70 cikin ɗari a kan motar da aka shigo da ita a haɗe. Bayan shekara bakwai Dokar Kuɗi ta 2020 ta zaftare babban ɓangare na harajin. Wanda ya zuba jari bisa alkawarin farko ya ga an sauya magana kafin ya mayar da uwar kuɗinsa. A duk wannan kai-komo, galibin muhawarar bai wuce haraji da kan iyaka ba. Ba kasafai aka zauna aka tambayi wane ne zai sayi motar, da wane kuɗi, don wane aiki ba.

Mai sayen da ke bakin kanal

Duk wanda ya san Kwanar Gafan a tsakiyar kakar tumatur, daga Janairu zuwa Maris, ya san irin motocin da ke layi. J5 ce, wadda aka daina ƙerawa a Turai tun farkon shekarun 1990. Kanta ce da aka yi wa bodi a gida, da tsohuwar akori-kura, da daf da tirelolin da za su kwana a hanya kafin su isa kasuwar Mile 12 a Legas. Daga gonakin Bunkure da Garun Malam zuwa injinan casa na Kura, shanshera tana tafiya ne a kan babur, a keke mai ƙafa uku, a Golf da aka cire wa kujerun baya. Daga Dawakin Kudu kuma, yashi da bulo da kayan gwari da ma'aikatan da ke sammakon shiga birni duk a kan irin waɗannan motoci suke.

Mai irin wannan mota ba don ado yake neman ta ba. A wurinsa mota jari ce, kamar injin ban ruwa ko shanun huɗa, tana fita da safe ta dawo da balas da yamma. Shi ya sa buƙatarsa ba ta mutuwa a lokacin matsi. Ma'aikacin banki zai iya fasa sauya mota, amma tumatur ɗin da ya nuna ba ya jiran naira ta farfaɗo. In motar ta mutu a hanya, kwana ɗaya ya isa kwandon da aka ɗora da daraja ya sauka a matsayin baƙin asara. Direba ya yi asara, ɗan kamasho ya yi, manomi ya fi kowa yi, domin gobe mai saye zai taya kayan da rahusa don ya rufe abin da hanya ta ci. Tsufan motocin yankin nan haraji ne da manomi ke biya kullum, ba tare da an rubuta shi a kowace doka ba.

Matsin da ake ciki ya ƙara tsananta lamarin. Motar Kwatano da dala ake sayo ta, kwastan kuma da farashin dala yake lissafin kuɗin fito, don haka wadda ta ƙare ba a iya maye gurbinta. Kayan gyara a Ƙofar Ruwa sun yi tsada, bakanike ya koma neman na hannu, ana cire na wannan a sa wa waccan. Fetur ya ninka fiye da sau ɗaya, gas ma ya hau. Ga taki da maganin feshi sun hau, yayin da farashin shinkafa ya sauko bayan an buɗe ƙofar shigo da abinci ba haraji a 2024. Manomin da ke tsakanin waɗannan duwatsu biyu ba zai iya ajiye kuɗin mota a dunƙule ba.

A nan ne masu kamfani za su ce: to ai ka faɗa da bakinka, mutumin nan ba shi da kuɗin sabuwar mota. Amsar tana kan titi. Babur ɗin Boxer da ke kai taki gona sabo ake sayensa a kwali. Keken A Daidaita Sahu, wanda ya mamaye Kano musamman bayan hana acaɓa a Janairun 2013, sabo ake fito da shi. Kamfanonin Indiya irin su Bajaj da TVS sun mayar da Nijeriya ɗaya daga cikin manyan kasuwanninsu a duniya, kuma talakawa ne masu sayensu. Sun yi nasara ne saboda abu uku: abin hawan yana biyan kansa, kowane bakanike a Tsakuwa ko Gano zai iya gyara shi, sannan akwai mai kuɗin da zai saya ya ba matuƙi ya riƙa biya kullum ko mako-mako har ya mallaka. Tsarin yana da nasa zaluncin, domin sau da yawa abin da matuƙi zai biya ya zarce farashin asali nesa ba kusa ba. Duk da haka ya tabbatar da cewa talakan Kano yana sayen sabo, yana kuma biyan bashi, in aka kawo masa abin da ya dace da aikinsa da aljihunsa. Abin da aka yi da ƙafa biyu da ƙafa uku, babu dalilin da zai hana a yi shi da ƙafa huɗu.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, gwamnatin Jihar Kano tana da bakin magana. Tana cikin masu hannun jari a kamfanin Dangote Peugeot da ya fara haɗa mota a Kaduna a 2022, tare da Jihar Kaduna, rukunin Dangote da Stellantis. Kuɗin jama'a ne aka zuba, don haka jama'a na da haƙƙin tambayar abin da za a ƙera musu. Motar da Kura da Bunkure ke buƙata ƙaramar motar kaya ce mai ɗaukar tan ɗaya zuwa uku, mai tsayin ƙasa, mai sauƙin inji, wadda ba a cika ta da na'urorin da sai an kai ta Abuja kafin a gano ciwonta ba. In har jiha za ta sayi motoci daga kamfanin da take da kaso a ciki, ya fi dacewa odar ta zama ta irin wannan mota, da za a miƙa wa ƙungiyoyin manoma da direbobi bashi, maimakon ta jerin gwanon manya.

Na biyu shi ne bashi, kuma a nan ne gizo ke saƙar. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, na bankunan kasuwanci ya fi haka. Babu motar kaya da za ta iya biyan wannan. Ga shi kuma yawancin mutanenmu suna gudun bashin ruwa saboda addini, kuma suna da gaskiya. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, suna da murabaha da ijara, waɗanda tamkar don irin wannan ciniki aka tsara su: banki ya sayi mota, ya sayar ko ya ba da haya a kan farashin da kowa ya sani tun farko. Abin da ya rage shi ne a daidaita biyan da kakar amfani. Mai motar tumatur yana samu sosai a watannin rani, mai ɗaukar shanshera yana samu bayan girbin damina da na rani. A karɓa da yawa lokacin da kasuwa ke ci, a sassauta lokacin da ta kwanta. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da aka ƙarfafa a ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya, da ƙungiyoyin direbobi na tasha, sun san mai amana da wanda ba shi da ita fiye da kowane jami'in banki. Su ne za su tsaya wa mutanensu. Hukumar CREDICORP da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2024 don bayar da bashin sayen kaya bai kamata ta tsaya a kan masu albashi ba.

Na uku, a fara rage dogaro da dala daga inda ƙarfinmu ya kai. Ba za mu ƙera inji gobe ba, amma bodi, kujeru, batir, gilashi, sifirin da robobi ba su fi ƙarfin Sharaɗa, Challawa da Bompai ba. Masu walda da ke yi wa Kanta bodi a gefen titi sun riga sun iya rabin aikin, abin da suka rasa shi ne ma'auni, kayan aiki da oda mai ɗorewa. Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Dawakin Kudu, tun daga 1977, ta yaye ɗaliban da suka zama injiniyoyi a ciki da wajen ƙasar nan. Ba mutane muka rasa ba. Haka kuma idan bututun iskar gas na AKK ya fara kawo gas Kano, ya kamata motar kayan da za a haɗa ta fito daga masana'anta da tukunyar gas ɗinta, ba sai mai ita ya sake kashe kuɗin juyi ba.

Na huɗu, doka ta tsaya wuri ɗaya. Mai zuba jarin masana'anta yana lissafin shekara goma ne zuwa sama. A sa tsarin a dokar da Majalisa ta zartar, a ɗaure rangwamen haraji da sharuɗɗa biyu da za a iya aunawa: kashi nawa na motar aka yi a gida, kuma motar aiki nawa aka sayar wa mutanen da ba gwamnati ba. Kamfanin da ke shigo da mota a haɗe, ya ɗaura mata taya a nan don ya ci rangwame, bai cancanci kariya ba.

Matsin tattalin arziki zai wuce, wani kuma zai sake zuwa, kamar yadda aka gani a 1982, 1986, 2016, 2020 da 2023. Kamfanin da ya jingina da baitulmali zai faɗi duk ranar da baitulmali ya bushe, kuma mun ga hakan da idonmu a Kano da Kaduna da Bauchi. Wanda ya ɗaura ribarsa da abincin da mutane ke ci kullum zai samu ciniki ko a shekarar da ta fi kowace tsanani, domin ruwan Tiga ba ya bin farashin ɗanyen mai. Ina kira ga 'yan majalisar da ke wakiltar Dawakin Kudu, Kura, Bunkure da Garun Malam, da shugabannin manoma da na direbobi, su kai wannan magana gaban gwamnatin jiha kafin a kammala kasafin kuɗi na gaba, su nemi a faɗa musu a rubuce abin da hannun jarin Kano a masana'antar mota zai kawo wa mai kai amfanin gona kasuwa.